Tabon zoɓo a farar shadda

Shekara 11 ke nan ina dafa zoɓon biki a Tudun Wada, kuma da wuya a tashi taro ba a kawo mini wata da zoɓo ya zube wa a riga ba, hankali a tashe. Abin da nake fara cewa shi ne, 'yar uwa, kada ki goga. Gogawa ce ke tura launin cikin zare. Ki samu farin ƙyalle mai tsabta ki riƙa dannawa yana tsotsewa, daga gefe zuwa tsakiya. In kina wurin biki, ki roƙi gishiri a wajen masu girki ki barbaɗa da yawa, zai shanye danshin kafin ki isa gida.

Da kin isa, ki juya rigar ki zuba ruwan sanyi ta baya, don launin ya fita ta inda ya shiga. Sai ki haɗa ruwan khal cokali 1, sabulun wanke-wanke na ruwa cokali 1, da ruwa kofi 2, ki jiƙa wurin kamar minti 30. In babu khal, lemon tsami ya wadatar.

Kanwa kam ki bar ta a kicin. Duk mai dafa zoɓo ta san yadda yake yin duhu da an jefa masa ita, kuma haka tabon zai rikiɗe a jikin yadi, ya koma shuɗi-shuɗi. Launin zoɓo iri ɗaya ne da na jan inabi. Wata abokiyar sana'ata daga Barnawa ta taɓa kawo mini mayafin tebur da jar giyar inabi ta ɓata bayan Kirsimeti, da wancan haɗin na khal da sabulu muka fitar da tabon tas.

Tabon da ya kwana ya fi taurin kai. In yadin fari ne, ki sayi haidirojin a kemis, irin na wanke ciwo, ki gauraya kashi 2 da sabulun ruwa kashi 1, ki shafa, ki ba shi minti 20 sannan ki ɗauraye. Atamfa da leshi mai launi kuwa, sai kin gwada a bakin kalmasa ta ciki, domin yana iya cin launinsu. Ina roƙonki kada ki haɗa Hypo da khal ko lemon tsami. Iskar da ke tashi guba ce, tana sarƙe numfashi.

Shadda ita ce ta fi ba ni tausayi, saboda ruwa yana rage mata sheƙi. Ki jiƙa wurin tabon kaɗai gwargwadon iko, daga baya ki kai wa masu bugu. Ki duba ta da kyau a hasken rana bayan ta bushe, in akwai sauran ja ko kaɗan ki maimaita, kada dutsen guga ya hau ta, domin zafinsa yana zaunar da tabon.