Yadda Nake Gane Jini Ya Yi Tsami Tun a Bakin Gado

Ƙanwata, da damina a nan Gusau, idan an shigo da mai gudawa, ajiye takarda tukuna. Tsaya kusa da shi ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. In yana ja da zurfi da sauri kamar wanda ya sha gudu, alhali a kwance yake, to jininsa ya yi tsami. Gudawa ta kwashe bikabonet, sinadarin da ke rage tsamin jini, huhu kuma na ta faman fitar da iskar kabon don ya rage tsamin.

Mai ciwon suga ma, in jininsa ya yi tsami, haka yake numfashi. Sunkuya ki shinshina bakinsa. In kin ji kamar 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, auna sugansa nan take.

Mai amai zalla kuwa, asid ɗin cikinsa ne ya zube, don haka tsamin jininsa raguwa ya yi, ba ƙaruwa ba. Numfashinsa a hankali, yatsu na ƙagewa.

Idan injin gwaji na aiki, wanda ba kullum ba ne, pH, wato ma'aunin tsamin jini, mai kyau 7.35 zuwa 7.45 ne, bikabonet 22 zuwa 26. Ni dai in mutum ya fara ruɗewa ko yawan gyangyaɗi, likita nake kira, ba na jiran sakamako.