Yadda Za Ka Bi Kadin Kuɗin Ƙaramar Hukumarka Ba Tare Da Rikicin Jam'iyya Ba

A ƙaramin gari, da zarar ka tambayi shugaban ƙaramar hukuma ina kuɗin jama'a suka shiga, sai a ce 'yan adawa ne suka turo ka. Maganin wannan zargi shi ne ka riƙe takarda a hannu kafin ka buɗe baki.

Fara da sanin abin da ya shigo. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa kason da kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya ke samu duk wata daga asusun tarayya, kuma a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyansu kai tsaye, don haka tambayar ko kuɗin sun iso hannun shugaba tambaya ce ta halal.

Daga nan ka rubuta wa sakataren ƙaramar hukuma wasiƙa, ka nemi kwafin kasafin kuɗi da jerin kwangiloli bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba da wa'adin kwana 7 a ba ka amsa. Ka tabbata an buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne masu sa hannu: a samu limami, malamin makaranta, shugabar mata da 'yan jam'iyyu mabambanta, domin wasiƙar ɓangare ɗaya ba ta da wuyar watsarwa.

Idan kun sami jerin, ku je ku duba aikin da ke ciki, misali rijiyar burtsatsen da aka ce an haƙa, ku ɗauki hoto. Idan babu ita, ku kai ƙorafi ga kansilanku, sannan ga hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, kuna ambaton aikin da adadin kuɗinsa, ba tare da zagin kowa ba.