Yadda zaka gyara lokacin da sudo ke daina tambayar fasawod

Masu aiki da Linux a shagunan kwamfuta na Banex da ofisoshin Wuse a Abuja, musamman inda mutum uku huɗu ke taɓa na'ura ɗaya, dan Allah ku kula da wannan.

In ka rubuta sudo (umarnin da ke baka ikon root, wato babban mai iko akan na'urar) a taminal, wato tagar rubuta umarni, ka saka fasawod, zakaga na gaba bai sake tambayarka ba, to ba fasawod ɗin ya ajiye ba, lokaci kawai yake rubutawa cikin /run/sudo/ts. A Ubuntu da Debian minti 15 ne, asalin sudo kuma minti 5, kuma duk sanda ka ƙara amfani dashi agogon ya koma farko. Matsalar kenan, ka tashi sallar azahar ka bar taminal a buɗe, yaron shago ko kwastoma ya zauna kujerarka, wallahi a wannan lokacin ikon root yana hannunsa, zai iya goge komai ba wanda zai tambayeshi ko kalma ɗaya.

Kafin ka tashi rubuta sudo -k, shikenan ya manta dakai. In kuma aiki mai tsawo kake, sudo -v zai sabunta lokacin ba tare da ya gudanar da komai ba.

Canza mintunan kuwa, kar ka buɗe /etc/sudoers, wato fayil ɗin saitin sudo, da manhajar gyara rubutu ta nano kai tsaye, kuskuren harafi ɗaya zai iya hanaka sudo gaba ɗaya. Rubuta:

sudo visudo -f /etc/sudoers.d/lokaci

visudo yana duba rubutun kafin ya ajiye. Sunan fayil ɗin kar ya zama da ɗigo a ciki, in akwai ɗigo sudo tsallakeshi zaiyi kayi ta mamakin me yasa bai kama ba. Sai ka saka:

Defaults timestamp_timeout=2

Minti 2 kenan. 0 yana nufin kullum sai ya tambaya, ni shi nake so a na'urar da jama'a ke taɓawa ko saba (server) mai bayanan mutane. Wasu na saka -1 wai don hutu, wannan bazai ƙare ba sai an kashe na'ura an kunna, gaskiya bana ba kowa shawarar haka.

Kowace taminal da nata lissafin, shiyasa in ka buɗe sabuwa zai sake tambayarka, ba lalacewa yayi ba. Bayan ka ajiye, yi sudo -k sannan sudo -l, zakaga sabon saitin cikin jerin Defaults.