Jakar goyo ko jakar hannu: yadda za ka zaɓa idan tafiyar ta kwana biyu ce

Duk mazaunin Abuja da ya saba zuwa Jos ko Kaduna a ƙarshen mako ya san cewa akwati ya yi wa tafiyar kwana biyu yawa, domin tayoyinsa ba sa jure tsakuwar tasha, kuma da zarar ɗan kamasho ya hango shi sai maganar kuɗin kaya ta taso. Abin da ya rage shi ne jakar goyo, wadda ake saɓawa a kafaɗu biyu, da jakar hannu mai faɗin baki, wadda ake riƙewa ko a rataya a kafaɗa ɗaya. Kowacce za ta ci kayan kwana biyu zuwa uku idan girmanta ya kai lita 30 zuwa 40, saboda haka ba girma ne zai raba gardama ba. Abin dubawa shi ne irin tufafin da za ka ɗauka, sai kuma nisan da za ka taka da ƙafa jakar tana jikinka.

Ka fara da tufafi, domin a nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure. Jakar goyo doguwa ce mai ƙuntataccen baki, ana zura mata kaya daga sama, kuma ta fi dacewa da ƙananan kaya da yadi mai laushi waɗanda ake iya naɗewa kamar tabarma. Shadda ba ta yarda da haka. Idan an kai ta wajen mabugi ko mai guga ta dawo a ninke da sitacinta, abin da take bukata shi ne a kwantar da ita yadda take, kada a ƙara mata wani ninki. Jakar hannu mai shimfiɗaɗɗen gindi ita ce ke ba da wannan dama: a sa takalmi cikin leda a gefe, a kwantar da wando, a ɗora riga, sannan babbar riga ta zo a sama. Hula kuwa a cusa mata safa ko singileti a ciki don kada ta lanƙwashe, idan biyu ne a saka ɗaya cikin ɗaya. Haka abin yake ga mata masu ɗaukar leshi, atamfa mai guga da mayafi.

Na koyi wannan ne a wani ɗaurin aure a Jos, lokacin da na cusa farar shadda a jakar goyo saboda gaggawa. Na buɗe jakar da safiyar Asabar na tarar da rigar kamar an tauna ta, babu wuta a unguwar, sai da aka aiki yaro maƙwabta ya aro dutsen guga na gawayi, muka isa masallaci ana shafa fatiha. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: jakar goyo a kan kaftani mai sitaci tana murje kafaɗa, tana jawo gumi a gadon baya, a kan babbar riga kuwa ko kusa ba ta zama.

Idan ka gama da batun tufafi, sai ka bi hanyar a ranka tun daga ƙofar gida har masauki. Wanda za a ɗauka a mota daga Gwarimpa a sauke shi a tashar Jabi, sannan wani ɗan'uwa ya tarbe shi a Jos, da wuya ya riƙe jakarsa na minti goma, don haka nauyinta ba zai dame shi ba. Amma wanda zai hau babur daga cikin unguwa a Kubuwa ko Nyanya, ya tsallaka gadar masu tafiya a ƙasa, ya hau matakalar tashar jirgin ƙasa ta Idu, ya kuma kutsa cunkoson Rigasa idan ya sauka a Kaduna, jakar goyo ce abokiyar tafiyarsa. Tana raba nauyi tsakanin kafaɗu biyu, tana barin hannuwa su riƙe tikiti, waya ko hannun yaro. Jakar hannu mai kilo 8 a kafaɗa ɗaya tana karkata jiki, kuma kafin rabin awa wuya ya fara ba da labari.

Mai ɗauke da kwamfuta ma jakar goyo ta fi masa, matuƙar tana da aljihu mai soso a ɓangaren da ke manne da baya. A motar haya kada ya yarda a sa ta a but, inda za a danne ta da buhuna har tsawon awa huɗu ko biyar ta hanyar Keffi da Akwanga, gara ya rungume ta a cinya. Aibinta shi ne aljihunanta suna bayanka, inda idonka ba ya kaiwa. A cikin turmutsutsun tasha ko kasuwar Wuse ka juyo da ita gaba, kuɗi da katin banki kuma su zauna a aljihun rigarka.

Lokacin tafiya yana iya sauya lissafin. Jos tana kan tudu mai tsayin mita 1,200 ko fiye, kuma a Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauko kusa da digiri 10. Rigar sanyi mai kauri ita kaɗai za ta cinye kashi ɗaya cikin uku na jakar goyo, shi ya sa ya fi kyau ka sa ta a jiki ko ka riƙe ta a hannu. Da damina kuwa ka nemi jakar da yadinta ba ya shan ruwa, ko ka shimfiɗa babbar leda a ciki kafin ka zuba kaya. Mai bin jirgin sama daga filin Nnamdi Azikiwe ya tuna cewa kamfanoni da yawa kilo 7 suke yarda a shiga da shi cikin jirgi, kuma jakar fata takan cinye wani kaso na wannan nauyi tun tana wofi.

Ranar saye, kada launi ya ruɗe ka. Ka ja zif sau uku ko huɗu, musamman a kusurwa, domin nan yake fara cijewa. Ka duba inda aka ɗinke maɗauri da jikin jaka, ka ga ko ɗinkin ya tafi ya dawo ko layi ɗaya ne kawai, ka kuma fizge shi da ɗan ƙarfi a gaban mai shago. A jakar goyo ka matsa soson kafaɗa da yatsa, idan ya lotse bai taso ba to ba zai kai shekara ba. A jakar hannu ka ajiye ta ƙasa ka ga ko za ta tsaya da kanta, ka kuma fifita ƙugiyar ƙarfe a kan ta roba. Ta gwanjo mai ƙwari sau da yawa ta fi sabuwa mai ƙyalli, kuma zif ɗin da ya lalace shumeka zai sauya shi da kuɗi kaɗan.

Kowacce ka ɗauka, ka ninke wani buhu mara nauyi ka sa a ƙasanta saboda dawowa. Ba a barin Jos ba tare da dankalin turawa, karas da kabeji ba, kuma ƙasar da ke jikin dankali ba ta jituwa da shadda ko da wadda aka riga aka sa ce.