Yadda Ake Fara Kiwon Balami Tsantsa da Tumaki Biyar da Rago Ɗaya

A kowace kasuwar kara, daga Potiskum har Maigatari, za ka ji dillali na rantsuwa cewa ragon da ke hannunsa Balami ne. Fari ne, dogo ne, kunnuwa sun zubo. Ka tambaye shi uwar ragon ko ubansa, sai ya ce ai ido ma shaida ne. Farin rago kam yana da yawa, amma Balami tsantsa sai an tona. Abu biyu ne ke cinye irin. Na farko, tumaki na yawo sake a unguwa da makiyaya, kowane rago ya hau kowace tunkiya. Na biyu, duk shekara layya takan ɗauke raguna mafi kyau, da yawansu tun ba su bar baya ba, a bar ƙanana da ramammu suna barbara.

Wanda yake ganin iri ba ya ɓacewa ya dubi tumakin Kundum na yankin Tillaberi a Nijar, masu gashin ulu, waɗanda ake kiwo a gaɓar kogin Kwara da tsibiransa. Garwayuwa da sauran tumaki ta sa sun ragu ƙwarai, har masana a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suka shiga binciken yadda za a ceto su. Balami bai kai nan ba, amma ta wannan hanyar ake zuwa can.

Fara da sanin irin kiwon da za ka yi

Kiwon turke daban, kiwon iri daban. Mai turke yakan sayi rago, ya ɗura masa dusa wata uku ko huɗu, ya sayar kafin Sallah. Mai kiwon iri tumaki mata ne jarinsa, kuma zai yi kusan shekara kafin ya sayar da ɗan rago na farko. Idan kuɗin da ke hannunka na juyawa ne da sauri, yi turke, babu laifi. Idan kuwa iri kake so, tumaki huɗu ko biyar da rago ɗaya sun isa. Wannan adadi mutum ɗaya zai iya ciyar da shi, ya san kowace dabba da halinta, kuma ko a cikin gida uwargida za ta iya riƙe su, kamar yadda mata da yawa ke yi tun asali.

Wuri da abinci kafin dabba

Kada ka sayi ko tunkiya ɗaya sai rumfa ta tsaya. Balami dabbar busasshiyar ƙasa ce, ta Borno da Yobe da kewayen tafkin Chadi da kudancin Nijar. Rana ba ta dame shi sosai ba, danshi ne abokin gabarsa. A ɗaga ƙasan rumfar ta fi tsakar gida tudu, a zuba yashi, a bar iska na ratsawa, a ba kowace tunkiya kamar murabba'in mita ɗaya da rabi. A yanki ɗan lungu biyu, ɗaya na rago, ɗaya na mai haihuwa ko marar lafiya. Katanga ko shinge kuwa dole ne ya zama wanda ragon maƙwabci ba zai tsallako ba, domin dare ɗaya ya isa ya ɓata maka aikin wata biyar.

Abinci a saye shi da kaka, lokacin da harawar wake da ta gyaɗa da kowa (ɓawon wake) suke da araha, a ɗora a kan rufi ko a rumbu inda ruwa da gara ba za su taɓa ba. Tunkiya takan ci busasshen abinci kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyinta a rana, wato mai kilo 40 tana bukatar wajen kilo ɗaya da rabi. Ka lissafa wannan sau shida, daga kaka har faɗuwar damina, za ka ga abin ba wasa ba ne. Mutane da yawa a watan Afrilu da Mayu kiwonsu ke rushewa, lokacin da damin harawa ya yi tsada, su sayar da tumakin a wulaƙance.

Zaɓen dabba: nan ne aikin yake

Balami na asali fari ne fat, babu ɗigo. Hancinsa a lanƙwashe yake, ya yi tudu daga goshi zuwa baki. Kunnuwa manya ne masu faɗi, sun rataya. Ƙafafu dogaye, wutsiya doguwa siririya. Rago na da ƙaho, tunkiya galibi ba ta da shi. Idan ka ga baƙi a kewayen ido ko a baki ko a kunne, jinin 'Yankasa ne ya shiga. Idan akwai ja ko baƙi a wuya ko kafaɗa, Uda ce ta bar alama, domin ita gabanta baƙi ne ko ja, bayanta fari. Waɗannan duk tumaki ne masu kyau, 'Yankasa ma ta fi Balami jure wahala da ruwan sama, sai dai ba su kake nema ba.

Amma kamanni kaɗai na yaudara. Tunkiyar da ta fito fara fat tana iya haifo maka ɗa mai ɗigo, saboda abin da ke cikin jinin kakanninta. Shi ya sa sayen iri a wurin makiyayi ko mai kiwon gida ya fi sayensa a kasuwa: ka ga uwar, ka ga uban, ka ga 'yan'uwanta a garke. Idan garken duka fari ne, kamanni ɗaya, hankalinka ya kwanta. Idan dole sai kasuwa, tafi da dattijon da ya san tumaki, wanda ba shi da la'ada a cinikin.

Buɗe baki ka duba haƙoran gaba na ƙasa. Haƙoran nono ƙanana ne. Manya biyu na farko sukan fito tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, huɗu wajen shekara biyu, shida wajen shekara uku, takwas wajen shekara huɗu. Mai manyan haƙora biyu ko huɗu ita ce abin saye, don haihuwarta duk tana gaba. Wadda haƙoranta suka cinye ko suka zube, ko kyauta aka ba ka nauyi ce. Sannan ka shafa hantsa, kada a ji ƙullutu ko tauri, kan nono biyu su zama lafiya. Ja fatar ido ta ƙasa: ja ko ruwan hoda lafiya ce, fari alamar tsutsa ta shanye jini. Duba kofato, duba gindin wutsiya ko akwai zawo, saurari numfashi.

Rago kuwa a kansa za ka kashe kuɗi ba tare da ƙyashi ba, domin kowane ɗa da za a haifa a gidanka rabinsa nasa ne. Marainansa biyu su zama daidai, sun sauko, babu kumburi. Kada ka sayi wanda aka turke don layya ya yi kitse har yana nishi, irin wannan ganinsa ya fi aikinsa. Kuma ka saye shi daga garken da ba shi da dangantaka da na tumakinka. Lokacin saye ma da muhimmanci: ana gab da Babbar Sallah farashin rago na layya ne, ba na iri ba.

Makonni uku na farko

Sabuwar dabba a ware ta mako uku zuwa huɗu kafin ta haɗu da wasu, ko da awakin gida ne. Cutar PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, tana iya share ƙaramin garke cikin 'yan kwanaki, kuma sau da yawa daga kasuwa ake kwaso ta. Tana da rigakafi. A Najeriya cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, na yin allurar, a Nijar kuma akwai takwararta mai suna LABOCEL a Yamai. Je ofishin likitan dabbobi na yankinka a yi musu, kada ka karɓi kwalbar da ta sha rana a teburin kasuwa, domin zafi na kashe allurar. A wannan zaman ne kuma za a ba su maganin tsutsa, a cire kaska, a gyara kofato. Hattara da maganin tsutsa mai suna Albendazole ga tunkiyar da ta ɗauki ciki a farkon watanninsa, yana iya lahanta ɗan.

Kada murnar sabon kiwo ta sa ka cika musu komi da dusa ko hatsi ranar farko. Dabbar da ta saba da ciyawa, idan ta ƙoshi da tsaba farat ɗaya, cikinta kan kumbura, ta daina tuƙa, wani lokaci ta kwana ba ta tashi ba. Harawa tukuna, dusa kaɗan-kaɗan ana ƙarawa cikin mako biyu. Ruwa mai tsafta kullum, da gishirin lasa ko 'yar kanwa. A share ledoji daga inda suke, leda na kashe tumakin birni fiye da yadda ake zato.

Barbara da haihuwa

Tunkiya na neman rago kusan kowane kwana 17, ciki kuma wata biyar ne, wajen kwana 150. Tumakinmu ba su da lokaci ɗaya na barbara a shekara, saboda haka kai ne za ka zaɓa. Saka rago cikinsu mako biyar zuwa shida, sannan ka mayar da shi lungunsa. Da haka haihuwa za ta zo kusa da juna, ka kuma san ranar da za ka sa ido. Na fi son a auna ta faɗo da kaka, lokacin da abinci ya wadata kuma laka ta bushe. Mai ciyarwa da kyau zai iya samun haihuwa uku a shekara biyu, amma kada a matsa wa tunkiyar da ba ta murmure ba. 'Yar tunkiya kuma kada rago ya hau ta sai ta kusa shekara, ko ta kai kashi biyu cikin uku na girman uwarta. Wadda ta yi ciki da wuri takan tsumbure, kuma girma shi ne abin da ake sayen Balami dominsa.

Makonni shida na ƙarshen ciki a ƙara mata dusa da ɗan ƙuli-ƙuli ko angurya ko 'ya'yan gawo. Da ta haihu, a bar ta ta lashe ɗanta, a tsoma cibiyarsa a aidin, a tabbatar ya sha dakashi cikin sa'o'in farko, don a nan kariyarsa daga cuta take. Idan naƙuda ta wuce awa ɗaya tana yunƙuri babu abin da ya fito, a kira malamin dabbobi. Yaye a wata uku zuwa huɗu, a yi wa 'ya'yan rigakafin PPR a daidai wannan lokaci, a kuma raba mazan da matan, domin ɗan rago na iya fara hawa tun yana wata biyar ko shida.

Littafi, da abin da za a bari a gida

Sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. Kowace tunkiya da shafinta: suna ko lamba, inda aka saye ta, ragon da ya hau ta, ranar haihuwa, ɗa ɗaya ko tagwaye, kamannin ɗan, allura da magani. Ɗauki hoton kowane ɗa tare da uwarsa a waya. Wannan shi ne abin da dillalin kasuwa ba shi da shi, kuma shi ne zai sa mai neman iri ya biya ka fiye da kuɗin nama.

Duk ɗan da ya fito da ɗigo, ko gajeren kunne, ko miƙaƙƙen hanci, a turke shi don layya ko suna, kuɗinsa ya sayi harawa. Tunkiyar da ta maimaita haifo irinsa sau biyu, ita ma ta bi shi. Wahalar tana wurin ɗan ragon da ya fi kowa kyau, domin shi ne wanda za a zo har gida ana tayawa da kuɗi mai tsoka ana saura mako biyu Sallah. Irin wannan ne ya kamata ya yi barbara, ko a gidanka ko a gidan wani mai kiwon iri.

Sai batun canza rago. Wata biyar na ciki, da kusan shekara kafin 'ya'yansa mata su isa, ke nan cikin shekara ɗaya da rabi ragonka zai tarar da 'ya'yansa a garke. Idan aka bar uba na hawan 'ya, ko wa na hawan ƙanwa, a hankali 'ya'ya kan fito ƙanana, marasa ƙwari, mutuwarsu ta yawaita. Garken tumaki biyar ba zai iya magance wannan shi kaɗai ba. Tun ranar da ka fara, nemi mutum biyu ko uku masu Balami tsantsa, ko a garinku ko a maƙwabta, ku yi yarjejeniyar musayar raguna. Kowane rago ya tafi da tarihinsa a rubuce, kuma ya yi zaman warewa na mako uku a sabon gida kafin a sake shi cikin tumaki, ko da daga gidan amininka ya fito.