Kurakuran da ke kashe dashen mangoro da lemu a garakenmu na Tawa

Ruwan da ke sauka a Tawa shekara guda bai cika wuce milimita 400 ba, zafin Afrilu da Mayu kuma yana haura digiri 40. Duk da haka, yawancin dashen da ke bushewa a garake ba rana ce ke kashe shi ba, aikin da aka yi a gindinsa ne.

Ramin ma tun farko. Mutum ya tona daidai girman leda, ya cusa dashe, ya taka. A fako ko ƙasa mai tsakuwa irin ta Adar, saiwa sai ta yi ta kewaya cikin ramin, itacen ya shekara uku bai kai ƙugu ba. A tona santimita 80 faɗi, 80 zurfi. Ƙasar sama a ware ta gefe, a cuɗa ta da bokiti biyu na ruɓaɓɓen taki, a mayar, a shayar, a bar ramin mako biyu ya zauna. Ranar dashe a yanke ledar gaba ɗaya, kuma wurin aure, wato inda aka haɗa reshen iri mai kyau da uwar dashen, ya tsaya tafin hannu guda sama da ƙasa. Lokacinsa Yuli ne, in damina ta kankama. Dashen bazara asarar kuɗi ce.

Taki ɗanye na kashe dashe fiye da rashin taki. Kashin awaki ko na kaji da aka kwaso jiya daga garke yana zafi cikin rami, ya ƙone ƙananan saiwoyi. A tara shi da kara da ganye, ana yayyafa ruwa ana juyawa duk mako biyu, har wata biyu zuwa uku, sai ya yi baƙi warin ya tafi. Takin zamani kuwa, irin 15-15-15, ba ya gyara jigawa: ruwa ne ke wanke shi ƙasa. Takin gargajiya shi ke sa rairayi ya riƙe danshi. Toka ma a yi hankali da ita. Wasu na tula ta saboda gara, alhali inda ƙasa ke da kanwa-kanwa tana ƙara hana lemu shan sinadarin ƙarfe, sai sabon ganye ya yi ɗorawa jijiyoyinsa kore.

Ban ruwa ne aka fi ɓatawa. Kofi-kofi kullum yana jiƙa sama kawai, saiwa ta taso neman ruwa, rana ta gasa ta. Ƙaramin dashe na son kamar lita 20 a zubi ɗaya, duk kwana biyu ko uku. A jigawa cikin bazara a mayar kullum, da sassafe ko da marece. Kada ruwan ya kwanta a jikin itacen, musamman lemu, don nan ne ciwon da ke sa ɓawo ya tsage yana zubar da ƙaro ke kamawa. A yi kunya biyu: ƙarama kewaye da gindi, babba daidai inda inuwar rassa ta tsaya, ruwa ya zauna tsakaninsu. Wanda rijiya ta yi wa nisa ya binne tulu marar fenti kusa da dashen, ya riƙa cikawa yana rufe baki.

In aka ga fari-fari bisa ƙasa, bakin ganyen mangoro na ƙonewa, gishirin ruwan rijiya ne ya taru. Maganinsa shayarwa mai yawa lokaci-lokaci, ta tura shi ƙasa da saiwa, da shimfiɗa karan gero mai kaurin santimita 10 don rage tururi. Karan kada ya taɓa gindi, gara na biye da shi. Inda gishirin ya yi yawa, gwamma a haƙura da mangoro a dasa dabino ko magarya mai aure.

Iskar hunturu na busar da toho. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya na jihar Tawa tun 1975 sun nuna amfanin tare iska. A garka, shingen zana ta gabas da arewa ya isa a shekarun farko, ya kuma tare awaki.

Sai son zuciya. Mangoro na son tazarar mita 10, lemu 6 zuwa 7, amma ana matse su, su girma suna gasar ruwa. Furen shekara biyun farko a tsinke shi. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin aure a yanke shi nan take, in ba haka ba uwar ta rinjaye auren, bayan shekara huɗu a tsinci mangoro mai zare.