Yadda Ake Tatsar Man Daddoyar Daji da Gwada Ƙarfinsa

Da zarar damina ta zauna a Kano, daddoyar daji takan cika kangwaye da gefen gonaki, kuma duk wanda ya taɓa murza ganyenta ya san ƙamshin da ke maƙalewa a yatsu. Wannan ƙamshi na wani mai ne da ke cikin ganyen, wanda yake ɗauke da sinadarin kariyofilin, irin na masoro da kanumfari, da bincike ya nuna yana rage kumburi.

Da farko, a tsinko ganyen da sassafe, nesa da kwata da hayaƙin motoci, sannan a kai reshe guda ma'ajiyar tsirrai ta Jami'ar Bayero domin a tabbatar ita ce wadda masana kimiyya ke kira Hyptis suaveolens, saboda sunan daddoya ya haɗa tsirrai fiye da ɗaya. A shanya sauran ganyen a inuwa, domin zafin rana yana kore man.

Daga nan sai a zuba ganyen da ruwa a tulun gilashi na na'urar tatsar mai da tururi da ake kira Clevenger, a bar shi yana tafasa kamar awa 3. Tururin zai ɗauko man, ya huce a bututu, man ya taso saman ruwa siriri. Kada ƙanƙantarsa ta karya wa ɗalibi gwiwa, domin yawanci ba ya kai kashi 1 cikin 100 na nauyin ganyen. A adana shi a kwalba mai duhu cikin firji.

Gwajin farko shi ne na kare ƙwayoyin jiki daga lahanin oksijin, wanda yake kama da yadda tsatsa ke cin ƙarfe. A narka hodar DPPH, wato sinadarin da ake wannan gwaji da shi, a metanol (wani nau'in sifirit), ruwan zai zama shunayya, sai a ɗiga man a ma'aunai daban-daban, a ajiye a duhu minti 30. Gwargwadon yadda launin ya koɗe zuwa rawaya, gwargwadon ƙarfin man ke nan, kuma ana karanta shi da na'urar auna haske a kan nanomita 517, wato tsawon zangon hasken da ake saita na'urar a kai. Wajibi ne a jera kwalbar bitamin C a gefe, domin a ganina sakamakon da ba shi da abin kwatance ɓata lokaci ne.

Na kumburi kuwa da farin ƙwai ake yinsa: a gauraya shi da man, a ɗumama a digiri 70 na ma'aunin Celsius na minti 5, a duba ko man ya hana shi daskarewa kamar yadda maganin kumburi diklofenak ke yi.

A maimaita kowane gwaji sau 3. Abin da ya faru a kwalba bai tabbatar da abin da zai faru a jikin mutum ba, don haka kada a sha man, kuma kada a shafa shi tsura a fata, domin yana iya ƙona ta.